Dan Allah a bar masu jaka a ciki su yi aurensu

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan wani abu da mutane ke kunyar fada, wato auren masu sitoma, wadanda likita ya fito musu da bakin hanji ta fatar ciki, bayan gida na zuba a jaka.

Kanina na cikinsu, hatsarin mota ya yi aka yi masa kolostomi, wato sitoma ta babban hanji, yarinyar da yake nema kuma taifot ne ya huda mata hanji ita ma aka yi mata sitoma, layin ganin likita ne ya hada su. Sun fahimci juna, amma da magana ta je gaban manya sai kawunta ya ce wai marasa lafiya biyu a daki daya waye zai yi jinyar wani. Haba Baba! Mutumin da ke fita kasuwa kullum da safe shi ne majinyaci?

Ni a ganina ma an juya lissafin ne, domin abin da ya fi daga hankalin mai jaka in zance ya yi nisa shi ne ranar da zai fada wa wadda yake nema halin da yake ciki, da tsoron wari, da karar iska da ke fita ba sallama, da jakar ta balle cikin dare ta bata zanin gado, to ita wannan duk ta san su, ba sai ya yi mata bayani ba balle ya ji kunya, in fatarsa ta sale gefen wurin ita ce ma za ta ce masa ai bakin jakar ne ka yanka ya yi fadi da yawa. Sitoma ba ta yaduwa, mata da yawa na daukar ciki da ita su haihu, wasu ma na wucin gadi ne ana mayar da hanjin daga baya. Gaskiya akwai mazan da aikin dubura ke taba musu jijiya karfinsu ya ragu, wannan maganar likita ce da ma'auratan, ba ta zauren kawu ba. Sallah kuwa malamai sun dade da bayanin hukuncin mai lalurar da najasa ke fitar masa ba da ikonsa ba, a je a tambaya.

In da maganar kudin jaka kawun ya kawo da na saurare shi, dan nan ne gizo ke saka. Daga waje ake shigo da ita, dala na tashi tana tashi, ba kowane kemis ke ajiyewa ba, shi ya sa wasu ke daura leda da filasta har fata ta zama gyambo, gida daya kuma mutum biyu ne za su rika saya.

Shi ya sa nake rokon asibitin Barau Dikko da asibitin sojoji na 44 da na koyarwa na ABU da ke Shika su ware rana da masu sitoma za su rika haduwa da iyalansu a gaban nas ko likita, gwamnatin jiha kuma ta duba yadda inshorar lafiya za ta dauki kudin jakar.

Naku,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna