Daga gindin duwatsun Shere

Salamu alaikum mutumina, ya Kano ya su Hajiya, ya ƙafar tata? Ka yi haƙuri da shirun da ka ji, wallahi ba share ka na yi ba, sati biyar kenan ina kam, wato sansanin da muke horar da yara, a gindin duwatsun Shere bayan garin Jos, sabis sai na hau tudu nake samu.

Ka san dogon hutu shine lokacin kasuwarmu, makarantu sunata turo yara, wannan bas na fita wata na shigowa. Kafin asuba muke tashi mu tada su motsa jiki, da hantsi a kama hawan dutse, kuma dutsen nan ba wasa bane, ƙololuwarsa ta haura mita 1,800, ga ruwan Agusta ya sa ko'ina santsi, ga sanyin Jos mai shiga ƙashi. Da daddare ma a tanti ɗaya muke kwana da su, wannan zazzaɓi, wancan yana kukan Mamansa, kaine nas kaine maigadi kaine uba. Kuɗin kuwa in na lissafa na wata bai kai dubu 70 ɗin da aka yanke mafi ƙarancin albashi a 2024 ba. Mu tara muka fara, yanzu saura shida kuma ba a kawo kowa ba, aikinsu aka raba mana.

Amma ba wannan ne ya hanani barci ba. Shekaranjiya wani yaro, bai fi shekara 11 ba, ya tsaya a tsakiyar hawa ya ƙanƙame igiya jikinsa na rawa, da can zama nake kusa da irinsu ina lallashi har su sauko suna dariya, amma ranar tsawa na daka masa. Kallon da ya yi min har yanzu yana raina. Bayan nan na kama kaina ina duba ƙullin igiya sau uku don na kasa tuna ko na ɗaure, ka ga ran ɗan mutane ne a hannun wanda bai yi barcin awa huɗu ba.

Gobe zamu je wajen oga mu shida, a bamu kwana ɗaya a sati kuma a ɗauki masu kwana da yara daban. In ya ƙi to zan ƙarasa da yaran da ke hannuna in tattara kayana, duk da Allah ya sani ina son aikin nan. Dan Allah ka fara saurara min ko koyarwa ce a wajenku.

Ka gaida Hajiya, ka ce ta sa ni a addu'a.

Naka har kullum.