A riƙa leƙa tsofaffinmu da ke kwance a gida

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina rubuto maka ne daga Aboabo a Kumasi, a kan mahaifiyata da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar yau shekara biyu. Hajiya ta haura tamanin. Duk ranar da za a duba hawan jininta, sai na roƙi samari biyu su ɗauko ta a kujerar roba, su bi lungu da ita, su tsallake kwata, har bakin titi inda tasi ke iya tsayawa. A asibiti kuma zaman benci ne tun hantsi har azahar, don ganin likita na ɗan lokaci kaɗan. In mun dawo sai ta kwana biyu ba ta iya cin abinci. Rannan ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, ku bar ni a ɗakina. Kunyar ɗaukar nan ta fi mini ciwon zafi."

Ba butulci nake yi ba. Tun da aka kafa inshorar lafiya ta NHIS a 2003 talaka ya samu sauƙi, kuma wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara. Amma katin sai an kai mutum ƙofar asibiti yake amfani, ƙofar nan kuwa ita ce ta gagari irin su Hajiya. Motar asibiti da ake kira ta 112 ta gaggawa ce, ba ta mai jinyar yau da gobe ba. Na taɓa kiran likita mai zaman kansa ya zo gida. Ya yi aikinsa tsakani da Allah, shi ya fara ganin gyambon da kwanciya ta buɗe mata a ƙugu, ya koya wa matata juya ta duk bayan awa biyu. Sai dai kuɗin zuwansa ɗaya ya cinye cinikina na mako.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hanyar magance wannan tana nan. Tsarin kiwon lafiya a cikin unguwanni da ake kira CHPS, wanda ya samo asali daga garin Navrongo a arewacin Ghana, an gina shi ne a kan ma'aikaciyar jinya ta bi mutane har gidajensu. Muna ganinsu a unguwa suna awon jarirai da rigakafi, Allah ya saka musu. Me zai hana a ƙara musu hannu da kayan aiki, su riƙa shiga ɗakin tsohuwar da ke gidan nan ɗaya, su auna jini da suga, su duba fata, likita kuma ya biyo bayansu ko da sau ɗaya ne a wata?

Sanin waɗanda ke kwance ba zai yi wuya ba. Kowane limami a Aboabo, Asawase da Sabon Zango ya san wanda ya daina fitowa sahu, mata kuma sun san wadda aka daina gani wurin suna. Ina roƙon sarakunan zango da limamanmu su tattara sunayen, su kai wa hukumar lafiya ta yankinmu, 'yan majalisarmu su tsaya a kai. 'Ya'yan zango da suka zama likitoci, ko Asabar ɗaya a wata suka ba mu, za mu biya kuɗin mai.

Ranar komawar Hajiya asibiti saura kwana tara, kuma har yanzu ban iya faɗa mata ba.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku,
Aboabo, Kumasi