A tsara unguwanni a bakin tashoshin jirgin Kano zuwa Maraɗi tun yanzu

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin gwamnatocin Kano, Jigawa da Katsina kan filayen da ke kewaye da tashoshin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Kowa yana tambayar ranar da jirgi zai fara aiki, amma ba a cika tambayar abin da za a gina a bakin tasha ba, alhali shi ne zai nuna ko talaka zai mori jirgin ko kuwa sai dai ya hange shi daga nesa.

Abuja ta ishe mu izina. An ƙaddamar da jirgin cikin gari a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo aiki ba sai a watan Mayun 2024, kuma sai da aka koma ana gina hanyoyin shiga wasu tashoshin, domin tun farko an ajiye su nesa da gidaje da kasuwanni. Ma'aikacin da sai ya biya kuɗin acaɓa kafin ya isa tasha, ya sake biya bayan ya sauka, zai gwammace motar hayar da ya saba da ita.

Abin da nake kira a yi shi ne a keɓe kimanin mita 800 kewaye da kowace tasha, wato tafiyar minti goma a ƙafa, a tsara wurin ya haɗa gidajen haya masu hawa biyu ko uku da shaguna a ƙasansu, da makaranta, da asibitin sha-ka-tafi, da masallaci, da rumfunan kasuwa. Mizanin da za a auna tsarin da shi ita ce mace mai goyo, ɗauke da buhun kayan miya a zafin watan Afrilu: shin tana da hanyar masu tafiya a ƙasa da aka raba da ta motoci, da inuwar darbejiya, da kwalbati rufaffe, da fitila idan jirgin dare ya sauke ta? Birnin Kuritiba na Brazil ya bi wannan hanya tun 1974, inda ya tara manyan gine-gine a gefen layukan motocin safa. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin bayan isowar jirgi Kano a 1911, kantuna da rumbunan gyaɗa a kusa da tasha suka bunƙasa.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, saboda haka babu uzurin jiran Abuja. Abin da nake tsoro shi ne dillalai su riga hukuma, su saye gonakin Kazaure, Daura da Jibiya a kan araha, su yanka su awon igiya, a wayi gari bakin tasha ya cika da gidajen mai da kangwaye masu doguwar katanga. Ya kamata hukumomin tsara birane, irin su KNUPDA a Kano, su fitar da taswirar kowace tasha a bainar jama'a, su zauna da masu unguwanni da 'yan kasuwa da direbobin adaidaita sahu, a kuma biya manoman da abin ya shafa diyya ta adalci, har da ba su rumfa ko fili a sabuwar unguwar.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano