Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Majalisar Ikilisiyoyin Yankinmu: Ina Ƙidayar Masu Sujada Da Ka Alkawarta?

Baba Rabaran, ranka ya daɗe,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki. Ni magatakarda ne a ɗaya daga cikin ikilisiyoyin da ke ƙarƙashin majalisar da kake shugabanta. Na rubuto a fili ne domin maganar ta shafi kowa.

Ranar da aka ɗora maka wannan nauyi, ka tsaya gaban fastoci da dattawa ka ce za a ƙirga masu zuwa sujada a kowace majami'a ta yankin nan, rana ɗaya, da tsari ɗaya, sa'an nan a auna adadin da yawan mutanen yankin domin mu san inda muke tsaye. Muka yi murna. Aka ce za a kafa kwamiti, aka ce takardar cikewa tana tafe. Har yau babu magatakardan da takardar ta iso hannunsa. Abin da ya iso shi ne rahoton shekara, da magana iri ɗaya da ta bara da ta bara waccan: mambobi sun ƙaru, a gode wa Allah. Baba, ni ma ina gode wa Allah. Amma ni ke riƙe da irin littafin da ake ɗebo wannan adadi daga cikinsa, na kuma san abin da ke ciki.

Littafin mambobi shigar da suna muke yi a cikinsa, da wuya ka ga an cire. An yi wa yarinya baftisma, an rubuta ta. Ta yi aure ta bi mijinta wata ikilisiya, can ma an rubuta ta, mu kuwa ba mu soke ba. Saurayi ya tafi birni neman aiki, sunansa yana nan ƙauye yana kuma can birni. Wani ya daina zuwa shekara da shekaru, amma wa zai iya ɗaukar alƙalami ya ja layi a kan sunan ɗan dattijon ikilisiya? Har waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, wasunsu suna nan a rubuce. Fasto kuma ya san idan adadinsa ya ragu a takarda, shi za a tambaya. Littafin da aka riƙe ta haka ba zai taɓa nuna raguwa ba, ko da benci rabi ne ke cika ranar Lahadi. A kan wannan littafi aka gina rahotonka.

Ko da a ce adadin gaskiya ne, akwai rabin lissafin da aka bari a baya, kuma shi ne ya fi damuna. Mutane ƙaruwa suke yi. Yankin da al'ummarsa ke ƙaruwa da kashi 2.5 cikin 100 kowace shekara, cikin shekara 28 ko kusa da haka zai ninka. Bari in kawo misali da lissafi kawai. A ce yanki yana da mutum 1,000,000, masu zuwa sujada 200,000, wato kashi 20 cikin 100. Bayan shekara goma mutanen yankin sun kai wajen 1,280,000, masu sujada kuma sun kai 230,000. Rahoton shekara zai ce an samu ƙarin mutum 30,000, a buga ganga a yi waƙa. Alhali kason ya sauko zuwa kashi 18. Da ikilisiya ta riƙe matsayinta na dā kawai, ba ta ci gaba ba ba ta koma baya ba, da mutum 256,000 za a samu a majami'u. Mutum 26,000 sun sulale ke nan, ana cikin bikin ƙaruwa. Su wane ne? Yawancinsu 'ya'yanmu ne da muka haifa, muka kai Makarantar Lahadi, suka girma suka daina zuwa, ba wanda ya lura domin jarirai sun cike gurbinsu a lissafi.

Wannan abu yana faruwa a duniya baki ɗaya. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto a 2025 wanda ya nuna cewa tsakanin 2010 da 2020 Kiristocin duniya sun ƙaru da wajen miliyan 122, suka kai biliyan 2.3. Amma kasonsu cikin mutanen duniya ya sauka zuwa kashi 28.8, domin sauran jama'a sun fi su saurin ƙaruwa. Adadi ya hau, kaso ya faɗi, a lokaci guda. Rahoton ya kuma nuna Afirka kudu da Sahara ta wuce Turai a yawan Kirista. Abin farin ciki ne, amma duk mai gaskiya zai tambayi kansa nawa ne daga ciki aikin bishara, nawa ne kuma haihuwa.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ke cutar da bayin Allah da ba su da laifi. Majami'ar ƙauye takan ragu domin ƙauyen ne kansa ya ragu: matasa sun tafi karatu da neman abinci, wasu iyalai rikici ya tashe su. Faston da ke wurin yana iya riƙe da kusan kowane Kirista da ya rage a garin, amma a taron majalisa shi ne wanda ake kallo kamar ya kasa. Majami'ar birni kuwa ta cika ta batse da waɗancan mutanen da suka baro ƙauye, ba ta ƙara ko mutum ɗaya da bai san Almasihu ba, amma fastonta ake yabo, ita ake ƙara wa ma'aikata. Ina roƙonka ka duba, Baba: da wane ma'auni kake canja wa fastoci wurin aiki? Da wane ma'auni ake yanke shawarar inda za a kafa sabuwar majami'a, da inda za a tura mai bishara? Idan ba a san yawan mutanen kowace gunduma da yadda suke ƙaura ba, ana yabo da zargi ne a cikin duhu, kuma akwai iyalan ma'aikata da ke ɗaukar nauyin wannan kuskure.

Na ji wasu a kusa da kai suna cewa ba sai an ƙirga kai ba, a raba takarda kawai a tambayi mutane ko suna zuwa sujada. An gwada wannan, an ga ƙarshensa. Shekaru da dama kamfanin Gallup yana tambayar Amurkawa ko sun je wurin ibada cikin kwana bakwai da suka wuce, a shekarun baya kuma wajen kashi 40 cikin 100 ne suka riƙa cewa sun je. A 1993 wasu masana uku, Hadaway da Marler da Chaves, suka buga sakamakon wani bincike da aka bi majami'u aka tattara adadin waɗanda suka zauna a ciki. A gundumar Ashtabula ta jihar Ohio, kashi 36 na 'yan Furotesta sun ce sun je, amma ƙirgen kai ya ba da wajen kashi 20. A wurin 'yan Katolika ma giɓin mai faɗi ne. Ba lallai ne a ce mutanen maƙaryata ne ba. Idan ka tambayi mai bi ko ya je sujada, amsar da yake ba ka ita ce irin mutumin da ya ɗauki kansa, ko wanda yake so ya zama. To, idan haka ta faru da baƙon mai tambaya, ina ga wanda fastonsa ne ya miƙo masa takardar?

Aikin da ka alkawarta ba sabon abu ba ne, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Cocin Katolika a Poland tun 1980 yake ware Lahadi ɗaya a watan Oktoba ko Nuwamba, a ƙirga duk wanda ya shigo sujada a kowace majami'a. Ba sa auna adadin da kowa da kowa: sukan cire ƙananan yara da marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya fita, su yi lissafi da waɗanda ya wajaba su zo. Da haka suka ga kason ya sauka daga kashi 51 a 1980 zuwa kashi 36.9 a 2019. Ba daɗin ji, amma sun buga shi a fili. 'Yan Katolika a Jamus Lahadi biyu suke ƙirgawa a shekara, ɗaya a lokacin azumi kafin Ista, ɗaya a Nuwamba. Cocin Ingila makonni huɗu na Oktoba yake ɗauka. Dukansu sun guji Kirsimeti da Ista da ranakun biki, domin ranar biki kowa na zuwa. Lahadin da ba ta da wani suna ita ce ke faɗin gaskiya.

Tun 1851 ma aka yi wannan. Ranar 30 ga Maris ta wannan shekara aka ƙirga masu sujada a Ingila da Wales, kowace majami'a ta ba da adadin safe da na rana da na yamma. Jami'in da ya haɗa rahoton, Horace Mann, ya tarar da matsalar da mu ma za mu tarar: mutum ɗaya yakan zo sau biyu ko uku a rana, a ƙirga shi sau biyu ko uku. Dole ya ƙirƙiro hanyar rage adadin rana da na yamma, kuma har yau masana tarihi suna muhawara a kanta. Darasin a wurinmu mai sauƙi ne. A sujada ta biyu a tambayi waɗanda suka riga suka halarci ta farko, mawaƙa da masu hidima musamman, a rubuta su dabam.

Za a ce gwamnati ba ta tambayar addini a ƙidayar jama'a, don haka ba mu da abin aunawa. Gaskiya ne ƙasashe da yawa ba sa tambaya. Nijeriya ta cire tambayar a ƙidayar 1991 da ta 2006, Amurka ma ba ta yi. Amma hakan bai hana ƙungiyoyin addinai a Amurka tattara nasu adadin ba, gunduma bayan gunduma, tun 1952, suna kuma jera shi da yawan mutanen da hukumar ƙidaya ta bayar. Abin da muke bukata daga gwamnati shi ne yawan mutanen kowace gunduma da shekarunsu. Inda ƙidaya ta tsufa, akwai hasashen da hukumomi ke yi, a yi amfani da shi a rubuta a fili cewa hasashe ne. Sauran aikin namu ne.

Na san kuma abin da ke zuciyar wasu dattawa, ba na kuma raina shi. Suna tuna Dawuda, da annobar da ta biyo bayan ƙidayar da ya yi. Amma Dawuda mayaƙa ya ƙirga, har Yowab shugaban yaƙinsa ya yi ƙoƙarin hana shi. Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙirga jama'a a jeji. Luka ya rubuta cewa wajen mutum 3,000 suka ƙaru ranar Fentikos, wato akwai wanda ya ƙirga. Makiyayin nan mai tumaki ɗari da Ubangiji ya ba da misali da shi, ta yaya ya san ɗaya ta ɓata? Garken casa'in da tara da na ɗari iri ɗaya ne a ido. Ƙirgawa ya yi da yamma, shi ya sa ya fita nema. Idan kuwa tsoron shi ne a ɗauki adadin a mai da shi makamin gardama da maƙwabtanmu a kan wa ya fi yawa, to, sai majalisa ta tsara yadda za a riƙe shi da wanda zai gani. Ni dai abin da nake tsoro shi ne rahoton da muke bugawa yanzu ya fi kama da ƙidayar Dawuda, domin babu abin da yake ciyarwa sai alfahari.

Baba, ina roƙonka don Allah. A Ingila da Wales masu kiran kansu Kirista sun kai wajen kashi 72 cikin 100 a ƙidayar 2001, suka sauko zuwa 59.3 a 2011, sai 46.2 a 2021. Tun kafin sunan ya fara faɗuwa a takardar gwamnati, bencin majami'unsu ya daɗe da yin fili. Zuwa sujada ke fara raguwa, suna ya biyo baya bayan tsara ɗaya ko biyu. Ban ce abin da ya same su zai same mu ba. Na ce idan ya fara, da littafin da muke riƙe yanzu ba za mu gan shi ba sai ya yi nisa.

Akwai ƙananan abubuwa da kwamiti zai warware idan ya zauna: yadda za a yi da masu bin sujada ta rediyo ko intanet, da masu aikin da ba ya barinsu fita ranar Lahadi amma ba sa fashin taron tsakiyar mako, da ko za a ƙirga zumuntar mata da ta matasa dabam. Ni dai ina so a raba adadin gida huɗu ko biyar bisa shekaru, maza da mata, domin a ga daidai shekarun da muke rasa mutane.

Abin da nake nema a taron majalisa mai zuwa shi ne ka sanar da Lahadi biyu na wannan shekara da za a yi ƙirgen, ka aiko da takarda mai shafi ɗaya ga kowane magatakarda, ka sa masu ƙirga su fito daga ikilisiyar maƙwabta domin kada kunya ta shiga, ka kuma faɗa da bakinka cewa ba za a hukunta wani fasto a kan adadin shekarar farko ba. In ka yi wannan, mu magatakarda za mu tsaya a bakin ƙofa da alƙalami, ba sai an biya mu ba.

Naka cikin Almasihu,
Wani magatakardan ikilisiya a yankinka