Maiduguri: A Daina Tsorata Mutane Haka Kawai

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ɗan ba ni fili.

Tun rikicin Boko Haram na 2009 da an ce Maiduguri sai gaban mutum ya faɗi, ni kaina da bikin ƙanina ya taso a can, Hajiyarmu cewa ta yi sam ba da yawunta ba, sai da kawu ya sa baki sannan ta bar ni da addu'a.

Gaskiya hanyar Damaturu zuwa Maiduguri ba wasa ba ce, shingen sojoji kam ba a magana, kuma direbobi ba sa yarda yamma ta yi musu a hanya saboda ana rufe shiga gari, kowa na tuna harin da aka kai wa matafiyan da dare ya yi musu a Auno, wani gari da ke kan hanyar, a 2020. To amma fa kana shiga ciki sai ka ga mutane na ta harkarsu, Keke Napep ko'ina tunda an hana acaɓa, Kasuwar Monday cike maƙil duk da gobarar 2023, masu hular zanna da turaren wuta na ta ciniki, ɗaliban jami'a na ta zirga-zirga.

Ni dai ban ce babu haɗari ba. Mai son zuwa ya kama hanya da sassafe, ya riƙe katin shaidarsa, ya tambayi 'yan gari kafin ya leƙa ƙauyuka. Ku kuma 'yan jarida ku riƙa kawo mana labarin kasuwa da biki, ba sai bam ya tashi ba.

Naku,
Mai karatu daga Kano