A Bar Mai Abu Ya Faɗa da Bakinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan shirye-shiryen gani da ido, waɗanda yaran yanzu ke ce wa dokumentari.

Ni ɗan zamanin majigi ne. Muna yara, in motar majigi ta sauka a garinmu, tun la'asar ake sanarwa. Bayan sallar isha'i a kafa farin allo a ƙofar gidan hakimi, a tayar da inji, mu yara mu zauna a ƙasa a gaba, manya a tsaye a baya. A nuna mana noman auduga, da tsabtar rijiya, da allurar rigakafi, ga wani mutum da lasifika yana yi mana bayani. Mun so majigi ƙwarai. Amma da na girma na tuna wani abu: manoman da ke cikin hoton ba mu taɓa jin muryarsu ba. Mai lasifika ne ke faɗin abin da suke yi da abin da ya kamata su yi. Wannan ɗabi'a har yau ba ta bar tashoshinmu ba, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Shirin da ya fi zauna mini a rai shi ne binciken da BBC Africa Eye ta fitar a ƙarshen Afrilun 2018 a kan maganin tari mai kodin. Lokacin ina koyarwa, kuma duk safiyar Litinin sai mun tsinci kwalaben banza a bayan katangar makaranta. Mun sani, iyaye sun sani, kowa ya yi gum. 'Yar jaridar da ta jagoranci aikin, Ruona Meyer, ba daga nesa ta hango matsalar ba, ɗan'uwanta na jini ya faɗa ciki. Sun shafe watanni suna bin sawun kwalbar, suka ɗauki hoton masu fitar da ita ta bayan fage a asirce, sannan suka shiga gidan gyaran hali na Ɗorayi a Kano. Abin da na gani a can ban manta ba: samari majiya ƙarfi ɗaure da sarƙa a ƙasa, wani na ihu, wani ya zuba ido ba ya ko ƙiftawa. A nan ba a buƙatar mai lasifika. Ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin da shigo da shi, NAFDAC kuma ta rufe kamfanoni uku na ɗan lokaci. Tun kafin fim ɗin an faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, amma adadin bai girgiza kowa ba sai da aka ga fuskokin yaran.

Na biyu ya fi wahalar magana. A Yulin 2022 BBC ta fitar da shirin Yusuf Anka a kan 'yan bindigar Zamfara, bayan wanda Trust TV ta yi a farkon shekarar. Hukumar NBC mai sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5, haka ma kamfanonin tauraron ɗan'adam da suka haska na BBC, bisa zargin kambama ta'addanci. Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci da na ga mutumin da hannunsa ke jiƙe da jinin bayin Allah yana zaune yana magana hankali kwance. Na kashe wayar, sai washegari na iya ƙarasawa. Duk da haka ban yarda da tarar ba. Yusuf ɗan jihar ne, ya shiga daji a kan babur, ya zauna da Fulani da Hausawa, da 'yan sa-kai, da iyayen 'yan matan Jangebe da aka sace a Fabrairun 2021. Daga bakinsu na fahimci yadda rikicin burtali da gona, da rashin adalci a wajen shari'a, da ramuwar gayya, da kuɗin fansa suka sarƙe da juna. Shekara da shekaru ina jin sanarwar hukuma, ban taɓa gane wannan sarƙaƙiya ba. Wanda bai san inda ɗakinsa ke yoyo ba, ina zai sa yaɓe?

To, ranka ya daɗe, kwatanta wannan da abin da wata tasha ta nuna mana kwanan baya da sunan dokumentari. Minti talatin cur: hoton titi daga sama, kiɗa mai taushi, murya tana jero ayyukan gwamnati, sai a hasko wata tsohuwa ta ce "mun gode" a yanke. Na san unguwar da aka ɗauka, famfonsu ya fi shekara bai kawo ruwa ba. Da an bar tsohuwar nan ta ƙara minti biyu, da ta faɗa. Talla ce aka sa mata rigar bincike, kuma mai kallo yana ganewa.

Maganar kiɗa ta tuna mini da Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi shekaru da dama yana ɗaukar fim a Nijar, har ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Ya taɓa ɗaukar farautar dorina da Sarkawa ke yi a kogin Kwara, ya ɗora kiɗa a kai, sannan ya koma Ayoru ya haska musu. Masuntan suka ce ya yi kuskure, domin kiɗa na ƙara wa dorina ƙarfin zuciya, su kuwa shiru suke farautarta. Ya karɓi gyaran. Mai shirin da zai koma gaban mutanen da ya ɗauka ya tsaya su yi masa gyara, shi nake iya ba wa awa guda ta rayuwata.

Ga roƙona. Muna da abin ɗauka a ƙofar gida yana ƙarewa muna kallo. Na je karofin Ƙofar Mata bara, rijiyoyin rini da yawa sun cike da shara, 'yan kaɗan ne ke aiki. Na tsaya wajen wani dattijo, hannunsa ya rine da shuɗi har wuyan hannu, yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa ya sha iska, yana gaya mini yadda ake haɗa baba da toka da kanwa a bar su su yi kwanaki kafin ruwan ya nuna. Baƙi na zuwa su ɗauki hoto na minti biyar su wuce. Wa zai zauna da shi wata guda, ya bi ƙyallen har wajen mabuga, ya bi turkuɗin Kura har hannun Buzayen da ke naɗa shi a Agadas? UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, hawan sallar Kano a 2024. Muna ta murna, amma masu ɗinkin sirdi da masu busa algaita da ke riƙe da hawan, tsufa suke yi ba wanda ya naɗi abin da ke kansu. Badala ma kullum zaizayewa take.

Ba kayan aiki ne suka gagare mu ba, Kannywood cike take da matasan da suka iya kamara da tace hoto. Masu tashoshinmu, ku ware musu fili ko sau ɗaya a wata, ku ba su kuɗin mota da na abinci da lokaci isasshe, a yi da Hausa, a rubuta fassara a ƙasa don baƙi. In kun yarda a fara da marinan, zan raka yaranku har bakin rijiyar dattijon nan, da sassafe yake fitowa.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, daga Kano