Wasiƙa Zuwa Ga Aminina A Kan Birkin Tsohuwar Peugeot 404

Kaduna, Nijeriya

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar Damagaram baki ɗaya, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin labarin a-kori-kurar nan 404 da ka fito da ita daga rumfa bayan ta shafe shekaru a ajiye. Ka tambaye ni yadda na yi da birkin motar Baba, Allah Ya jiƙansa, har ta koma tana tsayawa da ɗan taki kaɗan, domin kana son ka yi wa taka irin wannan aiki. Na ga bai dace in amsa maka a gurguje ta waya ba, saboda aikin birki da rai a cikinsa, kuma ni kaina sai da na yi kuskure kafin na gane hanya.

Ka san motar sarai, tunda a bayanta aka riƙa kai mu makaranta. Ƙirar 1963 ce, ta girmi masana'antar Peugeot ta Kakuri da ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma sitiyarinta a dama yake, domin an saye ta tun kafin canjin hannun da aka yi a Nijeriya ranar 2 ga Afrilu, 1972. Lokacin da 404 ta fara fitowa a 1960, birkinta na ganga ne a ƙafafu huɗu, kuma babu abin da ke taimakon direba sai ƙarfin cinyarsa. Haka Baba ya tuƙa ta tsawon rayuwarsa, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, amma hanyoyin zamaninsa daban suke da namu. Yau motar da ke gabanka tana iya tsayawa cak cikin ƙiftawar ido, ga babura ga a-daidaita-sahu suna ratsowa ta ko'ina, ni kuma gwiwata ta dama ta fara gaya mini shekaruna. Wata ranar Juma'a wani yaro ya tsallako titi a gabana, na taka birki da iyakar ƙarfina har na ɗago daga kujera, Allah Ya kiyaye motar ta tsaya saura taku biyu. A daren nan na yanke shawarar sa mata tukunyar taimakon birki, wadda makanikai ke kira busta.

Yana da kyau ka fahimci yadda abin yake aiki kafin ka kashe ko sisi. Injin fetur yana zuƙar iska a kowane juyi, kuma idan ka ɗaga ƙafa daga totur, ƙofar kafireta tana rufewa, sai mashigar da ke ƙarƙashinta ta zama kusan babu iska a ciki. Daga nan ake jan tiyo zuwa tukunyar. A cikin tukunyar akwai faifan roba da ya raba ta gida biyu, kuma muddin ba ka taɓa birki ba, injin yana zuƙe iskar ɓangarorin biyu daidai wa daida, don haka faifan yana zaune a wurinsa. Da zarar ka taka feda, wani ɗan bawul yana buɗe wa iskar waje hanya ta shiga ɓangaren baya kaɗai, ita ce kuma take tura faifan gaba, shi kuma, tare da ƙafarka, ya tura fistin ɗin masta, wato silindar da ke tura man birki zuwa ƙafafun mota. Tukunya mai faɗin santimita 18 tana iya ƙara maka turi na kimanin kilo 150 idan zuƙon injin yana da kyau. Wato iskar da muke shaƙa ce take yin aikin, injin hanya kawai yake share mata.

Abin da nake so ka riƙe fiye da komai a wannan wasiƙa shi ne cewa busta ƙafarka take taimako, ba ta ƙara wa ganga ko lainin ko taya komai. Iyakar tsayuwar mota tana wurin da lainin ya kama ganga da wurin da taya ta kama kwalta, kuma idan ƙafa mai ƙarfi tana iya kulle tayoyin tun asali, to busta ba za ta rage nisan tsayuwar ba, sai dai ta sa ka kai ga wannan iyakar cikin sauri ba tare da wahala ba. Haɗarin da ke ciki kuwa shi ne tana ɓoye ciwo. Motar da lainin ɗinta ya jiƙe da mai, ko gangarta ta cinye, ko tiyonta na roba ya kumbura ta ciki, za ta yi maka taushin feda mai daɗi bayan an sa busta, ka ɗauka ta warke, alhali cutar tana nan kwance. Saboda haka kafin ka nemi tukunya, ka sa a buɗe ƙafafun huɗu a gabanka, a auna ganguna, a sauya lainin da robobin silindojin ƙafa da tiyoyi, a bi bututun ƙarfe daga gaba har baya ana neman tsatsa. Motar da ta daɗe a ajiye irin taka, na tabbata za ka tarar da fistin ɗaya ko biyu sun ƙame. Akwai masu irin wannan mota da suka yi wannan gyaran kaɗai suka fasa sa busta, domin nauyin fedar da suke kuka da shi daga rashin gyara yake.

Kuskuren da na yi shi ne gaggawa. Wani bakanike ya ce mini aikin yini ɗaya ne, ya samo tukunyar 504 da mastanta, ya ƙera mata mazauni, ya ɗaura ta a bangon da ke tsakanin inji da direba, ya haɗa ta da fedar asali yadda ya same ta. Da na fito daga gareji, birkin ya yi kaifin da ko numfashi na yi a kan feda sai motar ta dunƙule. Na ce wa kaina sabo ne zai zo da sannu. Washegari na kama hanyar Zariya, ban kai Jaji ba na ji motar tana nauyi kamar ana janta ta baya, ƙauri ya cika ciki, da na tsaya kuwa ƙafafun huɗu sun yi zafin da hannu ba ya iya kusantarsu. Wani dattijon bakanike da ya yi ƙuruciyarsa a kan 404 da 504 shi ne ya warware mini matsalar a gefen hanya, Allah Ya saka masa da alheri. Ya sassauta notuna biyu da ke riƙe da masta a jikin tukunya, nan take tayoyin suka saki, ya ce mini sandar turi ce ta yi tsawo.

Bayanin da ya yi mini daga baya ya cancanci in rubuta maka shi dalla-dalla. A cikin masta akwai wani ɗan rami ƙarami wanda man birki ke bi ya koma kwalbarsa idan an saki feda. Idan sandar da ke fitowa daga tukunya ta yi tsawo ko da kaɗan ne, tana hana fistin komawa mazauninsa, sai ya toshe ramin, man ya yi zafi ya kumbura ya rasa mafita, birki ya kama kansa, zafin ya ƙaru, kamun ma ya ƙaru. Idan kuma sandar ta gajarta, feda za ta yi tafiya mai nisa a banza kafin birki ya fara ci. Tazarar da ake so tsakanin kan sandar da fistin kusan rabin milimita ce, kuma ana auna ta da ma'auni, ido ba ya isa.

Kaifin nan da ya dame ni kuwa daga feda yake. Fedar motar da ba ta da busta ana ƙera ta yadda za ta ninka ƙarfin ƙafa kamar sau 6, ta mai busta kuma kamar sau 4, domin tukunya za ta cike gurbin. Za ka gane naka idan ka auna daga ƙusar da feda ke lilo a kanta zuwa tsakiyar wurin taki, ka raba da nisan da ke tsakanin ƙusar da wurin da sanda ta maƙale. Idan aka haɗa ninki 6 da tukunya, ƙarfi ya yi yawa, direba ya rasa yadda zai taka birki a hankali, kuma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko yashi wannan ya fi birki mai nauyi haɗari. Faɗin bakin masta ma yana cikin lissafin, domin mai faɗi yana rage tafiyar feda amma yana buƙatar turi mai yawa, shi ya sa ake haɗa shi da busta, kuma ranar da tukunyar ta mutu za ka ji fedar ta koma kamar dutse.

A ƙarshe mun cire wannan haɗin gaba ɗaya. Injin 404 a kishingiɗe yake, ya karkata da digiri 45, kuma a tawa mai sitiyarin dama wurin ya yi ƙunci, tukunyar tana shan zafin inji fiye da yadda hankalina zai kwanta. Muka koma ga irin tukunyar da ake ajiyewa a gefe, a saka ta a tsakiyar bututun mai, tsakanin masta da ƙafafu, ta yadda matsin man da ya fito daga masta ne yake buɗe bawul ɗinta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga 404, domin Peugeot da kansu sun sa mata irinta, mai suna Hydrovac ta kamfanin Bendix, a tsakiyar shekarun 1960, kafin su koma ga birkin faifai a gaba da tukunyar bango a ƙarshen shekarun. Da wannan tukunyar gefe, feda da masta na asali suka zauna yadda Baba ya bar su, ba a yanka komai ba, kuma duk wanda ya gaji motar bayana yana iya mayar da ita yadda ta fito cikin yini guda. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin amana nake ɗaukar motar nan.

Amma sai in gaya maka aibinta. Birkin tsohuwar 404 layi ɗaya ne, ma'ana bututu ɗaya ya fashe, ƙafafu huɗu sun tafi tare, kuma tukunyar gefe layi ɗaya take yi wa aiki, ba ta gyara wannan rauni. Abin da na iya yi shi ne na sabunta kowane bututu, na gyara birkin hannu har yana riƙe motar a kan gangara, ina kuma duba kwalbar mai duk safiyar da zan fita. Idan ka ga man yana raguwa babu ɗigo a ƙasa, ga farin hayaƙi a salansa, to robar cikin tukunya ce ta mutu, inji yana shanye man ta tiyo. Kai da sitiyarinka yake hagu, shawarata ita ce ka nemi feda da mazauninta da tukunya daga 404 ta ƙarshe-ƙarshe, a ciro su tare daga mota ɗaya, sannan a haɗa da masta mai layi biyu wanda ya dace da birkin ganga, gaba daban baya daban. Ya fi tsada, ya fi ɗaukar lokaci, amma ga motar da za ta ɗauki buhuna a bayanta, ni shi zan zaɓa.

Akwai wani abu a saƙonka da ya tsaya mini a rai, wato ka ce taka mai shan gas ce. Injin dizal ba shi da ƙofar kafireta da za ta rufe ta haifar da zuƙo, don haka babu inda za ka ja tiyo, dole sai an sa famfon zuƙe iska, ko wanda bel ke juyawa, ko irin wanda ke manne a bayan altaneta, ko na lantarki. Kada ka yarda wani ya ɗaura maka tukunya kafin a warware wannan. A injin fetur mai lafiya agogon awon zuƙo yana nuna inci 17 zuwa 21 idan yana sulo a ƙasa mai daidai da teku, kuma yana raguwa da kusan inci 1 a kowace mita 300 ta tudu, shi ya sa birki yake ɗan ƙara nauyi a Jos. Duk famfon da za ka sa, a auna shi ya kai wannan. Tiyon kuma ya zama mai kauri wanda aka yi don wannan aiki, domin na ruwa ko na fetur yana lanƙwamewa, kuma a sa masa bawul mai hanya ɗaya, wanda ke ajiye maka taki biyu ko uku idan inji ya mutu kana cikin tafiya.

Man birki ka tsaya a kan DOT 3 ko DOT 4, daga sabuwar gwangwani, kada a gauraya shi da DOT 5, kuma a sauya shi duk shekara biyu saboda yana shan danshi. A fara fitar da iska daga ƙafar da ta fi nisa da masta. Idan an gama, ka kashe inji, ka taka feda sau biyar har ta yi tauri, ka riƙe ta, sannan ka tayar da mota, idan ta ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafarka to tukunya tana aiki. Daga nan ka nemi fili ko hanyar da babu kowa, ka gwada a gudun kilomita 20, sannan 40, sannan 60, babu kaya da kuma da kaya, kana lura ko tana ja gefe ko ƙafafun baya suna riga na gaba kullewa, abin da a-kori-kura marar kaya ta saba yi.

Bayan wata uku da gama aikin na je Jos da ita, na dawo ta Hawan Kibo. A wannan gangara na sa giya ta biyu na bar inji yana riƙe ta, kamar yadda na ga Baba yana yi, domin ganga idan ta yi zafi tana buɗewa ta guje wa lainin, kuma taushin feda yana ruɗin mutum ya yi ta takawa har birki ya ƙone bai sani ba. Na sauko lafiya, gwiwata ba ta yi ciwo ba, na tsaya a ƙasa na kai hannu kusa da ƙafafun na ji ɗumi ne kawai.

Ka aiko mini da hoton cikin bonet ta ɓangaren masta, da awo biyun nan na feda, da lambar da ke jikin injin, zan kai wa dattijon nan ya duba kafin ka sayi komai. Idan kayan sun yi wuya a wajenku, zan sa a bincika a Panteka ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, in ba direban da ke zuwa Damagaram ya kawo maka. Ka gaishe mini da Hajiya da yara, da maƙwabta duka. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini